Bitar akwatin koyon ƙwayoyin halitta: ya nuna bakiyol sarai, amma bai cika alkawarin besikul ba

Akwatin gwajin da zan yi bitarsa an shirya shi ne domin ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare da waɗanda suka shiga shekarar farko a jami'a, kuma an rubuta a jikin kwalinsa da manyan baƙaƙe cewa wanda ya mallake shi zai ga bakiyol da besikul da idonsa a cikin ƙwayoyin halitta na tsiro da na dabba da na ƙananan halittun ruwa. A cikinsa akwai maikuroskof mai fitila, wato na'urar da ke ƙara girman abin da ido ba ya iya gani, da jerin gilasai waɗanda aka riga aka ɗora wa samfura aka manne, da wasu gilasan marasa komai domin mutum ya haɗa nasa samfurin, da kwalabe uku na rini, da ƙaramar kwalbar mai, da littafin jagora, da kuma siffofin roba guda biyu, ɗaya ta ƙwayar tsiro, ɗaya ta ƙwayar dabba. Na yi aiki da shi tare da ɗalibaina, kuma hukuncin da na yanke shi ne cewa ya cika rabin alkawarinsa fiye da yadda na zata, amma ɗaya rabin alkawari ne da babu na'ura irin wannan da za ta iya cikawa, kuma bai kamata a ce an ɗauke shi ba tun farko.

Dalilin wannan hukunci yana cikin bambancin abubuwan biyu. Dukansu jakunkuna ne da tantani ya kewaye a cikin ƙwayar halitta, kuma tantanin nasu irin wanda ya lulluɓe ƙwayar ne gaba ɗaya, wato rufi biyu na kitse da furotin a jikinsa. Besikul ƙarami ne ƙwarai, ba ya daɗewa, kuma aikinsa jigilar kaya ne: yana toho daga jikin wani tantani, ya tsinke, ya yi tafiya, ya manne da wani tantanin, sannan ya juye abin da ya ɗauko. Bakiyol kuwa babba ne, ya fi zama wuri ɗaya, kuma aikinsa yana sauyawa gwargwadon halittar da yake cikinta, domin a wani wuri ajiyar ruwa da gishiri da launi yake yi, a wani wurin narkar da abinci, a wani kuma fitar da ruwan da ya yi wa ƙwayar yawa. Wannan bambancin girma shi ne ya raba abin da akwatin zai iya nunawa da abin da ba zai taɓa iya nunawa ba.

Ita kanta na'urar ba ni da wani babban ƙorafi a kanta. Jikinta na ƙarfe ne, tana da nauyin da ke hana ta girgiza idan an taɓa tebur, kuma tana da idanun ƙasa, wato gilasan ƙara girma da ke kusa da samfur, guda huɗu masu ƙara girma sau 4, sau 10, sau 40 da sau 100, tare da idon sama mai sau 10. Majuyin daidaita gani na laushi yana tafiya ba tare da sulɓewa ba, abin da yake da muhimmanci idan ana bin halitta mai motsi. Abin da na fi yabawa shi ne ƙofar rage haske da ke ƙarƙashin faifan da ake ɗora gilashi, domin bakiyol wanda ba a rina ba garau yake kamar ruwan da ke kewaye da shi, kuma idan haske ya yi yawa sai ya ɓace gaba ɗaya. Da zarar an ɗan rufe ƙofar, sai gefensa ya fito. Littafin jagora bai yi bayanin wannan ba sai a layi ɗaya can kusa da ƙarshe, alhali shi ne abin da ya kamata a fara koya wa ɗalibi kafin ya ɗora komai a kan gilashi.

Inda akwatin ya nuna gwanintarsa shi ne a ƙwayoyin tsiro. Jagoran ya ba da shawarar a ɓare siririyar fatar jan albasa a shimfiɗa ta a ɗigon ruwa, kuma wannan shawara ce mai kyau, domin launin da ake gani a jan albasa yana narke ne a cikin ruwan bakiyol, don haka tsiron ya riga ya rina wa mai kallo abin da yake nema. A ƙarin girma sau 100 ana ganin ƙwayoyin a jere, kowace cike da ja mai shunayya, kuma sai an lura da kyau ake gane cewa sauran kayan ƙwayar, har da cibiyarta, an matse su ne a wani siririn sarari tsakanin bakiyol da bango. A nan ne ɗalibi yake gaskata abin da aka rubuta masa, cewa a ƙwayar tsiro da ta manyanta bakiyol na tsakiya yana iya cinye kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na sararinta. Gani ya kori ji.

Gwajin da ya biyo baya shi ne mafi armashi a duk littafin. Idan aka ɗiga ruwan gishiri mai ƙarfi a gefen murfin gilashin, aka sa takarda mai tsotsa a ɗaya gefen ta jawo shi, cikin 'yan mintuna sai a ga jan launin yana janyewa daga bango yana dunƙulewa a tsakiya, launin kuma yana ƙara duhu saboda ruwa ya fita ya bar launin a ƙaramin wuri. Idan aka wanke da ruwa zalla kafin ƙwayar ta mutu, sai bakiyol ya sake kumbura ya koma ya tokare bango. Alaƙar bakiyol da bango tamkar ta tib da taya ce, domin matsin da ke ciki shi ke sa na waje ya tsaya da ƙarfi, kuma wannan matsin ne yake miƙar da ganye da lallausan reshe, rashinsa kuma shi ne yaushin da ake gani idan tsiro ya rasa ruwa. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Holan, Hugo de Vries, ya yi aiki mai yawa da irin wannan gwaji, kuma shi ne a 1885 ya bai wa tantanin da ke kewaye da bakiyol sunan da ake kiransa da shi har yau, tonoplas. Na ji daɗi da jagoran ya ambace shi, ko da yake a taƙaice.

Daga cikin gilasan da aka manne, na kan saiwar albasa yana da amfani sosai idan an san abin da za a nema. An sa shi ne domin nuna rabuwar ƙwaya, amma yana nuna wani abu dabam da ya shafi batunmu: ƙwayoyin da ke can ƙarshen saiwar ƙanana ne, cike suke da kayan ciki, kuma ba su da babban bakiyol, sai ƙananan da ke warwatse. Idan aka matsa sama kaɗan, sai a ga ƙwayoyin sun yi tsawo, sarari ya buɗe a tsakiyarsu, domin ƙananan bakiyol ɗin sun haɗe sun zama guda. Ta wannan hanya tsiro yake girma da sauri ba tare da ya ƙera furotin mai yawa ba, tunda ruwa ne yake cika mafi yawan sabon sararin. Akwai kuma gilashin yankakken ganye da ke nuna ƙananan duwatsu masu kama da allurai a cikin wasu ƙwayoyi, waɗanda gishirin kalsiyam okzalet ne da tsiro ke tarawa a bakiyol, kuma suna sa dabba ta ji ƙaiƙayi da zafi a baki idan ta ci. Da jagoran ya ƙara da cewa tsamin lemun tsami ma a bakiyol yake taruwa, har ma'aunin tsamin, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, ya sauko kusan 2, da ɗalibi ya fahimci cewa wannan jaka ba ta ruwa kaɗai ba ce.

Ƙananan halittun ruwa masu ƙwaya ɗaya su ne suka nuna mini iyakar gilasan da aka manne. Akwai na faramisiyam da na amiba, an rina su da kyau, ana ganin siffarsu da cibiyarsu, amma matattu ne, kuma bakiyol mai tsukewa abu ne da ba a gane shi sai yana aiki. Faramisiyam yana zaune a ruwan da bai kai cikinsa gishiri ba, saboda haka ruwa yana kutsawa cikinsa ba dare ba rana, kuma tunda ba shi da bango mai tauri irin na tsiro, da zai fashe in ba don bakiyol guda biyu da yake da su ba, ɗaya a kowane ɓangare, waɗanda siraran hanyoyi ke kewaye da su kamar hasken tauraro. Hanyoyin suna tattaro ruwa, bakiyol ya kumbura, sannan ya tsuke farat ɗaya ya watsa ruwan waje. Lazzaro Spallanzani ya ga wannan motsi a 1776 ya ɗauka numfashi halittar take yi, sai a 1841 Félix Dujardin ya raɗa wa waɗannan wurare sunan da ya bi su. A gilashin da aka manne, duk wannan ya zama ɗan farin tabo da babu wanda zai tsaya a kansa.

Da muka samo rayayyu daga ruwan da aka jiƙa busasshiyar ciyawa a ciki, sai na'urar ta nuna abin da take iyawa. A sau 400 ana ganin tsukewar sarai, har ana iya ƙirga ta da agogo, kuma idan aka ƙara gishiri kaɗan a ruwan sai a ga tana raguwa, domin ruwan da ke shiga ya ragu. Jan rinin Kongo da ke cikin akwatin ya yi amfani a nan: idan aka rina yis da shi aka bai wa faramisiyam, ana ganin yadda yake haɗiye shi cikin bakiyol na abinci, kuma bayan ɗan lokaci launin ya juye daga ja zuwa shuɗi, alamar cewa tsami ya hauhawa a cikin jakar, tunda wannan rini yana komawa shuɗi ne idan ma'aunin tsami ya sauko wajen 3. Ƙorafina shi ne ba a saka ruwa mai kauri da ake rage gudun waɗannan halittu da shi ba, kuma faramisiyam yana ƙetare filin gani cikin ƙiftawar ido. 'Yan zaren auduga da aka baza a ƙarƙashin murfin gilashi suna tare shi, amma jagoran bai faɗi haka ba. Bai kuma gargaɗi mai amfani da ya sa safar hannu wajen taɓa wannan rini ba, wanda kuwa sakaci ne a kayan da aka yi domin matasa.

Yis ya buƙaci idon sau 100 da ɗigon mai, kuma hoton ya fito da kyau fiye da yadda na yi tsammani daga na'urar ɗalibai. A cikin kowace ƙwaya ana ganin zagayayyen fili mai haske, wanda shi ne bakiyol ɗinta. Ina ganin asara ce da jagoran ya wuce wannan wuri da jimla biyu, domin a wannan ƙaramin fili ne Yoshinori Ohsumi na Japan, wajen ƙarshen shekarun 1980, ya hana yis abinci bayan ya zaɓi irin da ba ya iya narkar da abin da ke shiga bakiyol, sai ya ga ƙananan ƙunshe-ƙunshe suna taruwa a ciki, kuma da maikuroskof mai haske ya fara ganinsu. Daga nan ya gano yadda ƙwaya take cinye tsofaffin sassanta ta sake amfani da su, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2016. Ɗalibin da ya san haka zai kalli wannan fili da wani ido dabam.

Matsalar akwatin ta fara ne da ƙwayoyin dabba. An rubuta a teburin kwatance na jagoran cewa ƙwayar dabba ba ta da bakiyol, ba tare da wani ƙarin bayani ba. Gaskiya ne cewa idan aka kankaro cikin kunci aka rina da shuɗin metilin ba za a ga babban fili a tsakiya ba, amma ƙwayoyin dabba suna da ƙananan jakunkuna na ɗan lokaci, kuma aikin narkarwa da bakiyol ke yi a tsiro da yis, wata ƙaramar jaka mai suna laisosom ce ke yin sa a dabba, wadda Christian de Duve ya gano a 1955. Fararen ƙwayoyin jini suna haɗiye bakteriya cikin jakar tantani, su haɗa ta da laisosom su narkar da abin da suka kama. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ma, idan ta shiga jar ƙwayar jini, tana narkar da furotin ɗin jinin ne a cikin bakiyol ɗinta mai tsami, kuma a can ne maganin kulorokwin yake taruwa ya hana ta kawar da gubar da ke fitowa daga wannan narkarwa. Jimla ɗaya mai gajarta magana ta rufe wa ɗalibi duk wannan. Haka kuma an laƙaba wa gilashin ƙwayoyin kitse sunan bakiyol saboda farin filin da ke cikinsu, alhali wannan fili gurbin ɗigon kitse ne da sinadaran shirya samfur suka wanke, kuma rufi ɗaya ne ke kewaye da shi, ba biyu ba.

Batun besikul shi ne ya fi damuna, domin a nan ba kuskuren rubutu ba ne, alkawari ne da ya saɓa wa yadda haske yake aiki. Tun 1873 Ernst Abbe ya bayyana cewa maikuroskof mai haske yana da iyaka, kuma ko da mafi kyawun ido da mai, ba ya iya raba abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kimanin nanomita 200 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Besikul ɗin da ke jigila tsakanin sassan ƙwaya yawanci faɗinsu tsakanin nanomita 50 ne da 100, waɗanda ke ƙarshen jijiya kuma, masu ɗauke da sinadaran saƙo, kimanin nanomita 40 ne. An saka wani idon sama mai sau 20 domin a iya rubuta sau 2000 a kan kwali, amma abin da yake yi kawai shi ne ƙara girman hoto mai hazo ba tare da ya fito da sabon abu ko ɗaya ba. Abin takaicin shi ne ɗalibi mai himma, wanda aka gaya wa zai ga besikul, zai nemo wani ɗigon ƙura ko datti ya zana shi ya sa masa suna, kuma ya tafi da yaƙinin cewa ya gani. Koyar da kimiyya yana lalacewa ne daga irin wannan wuri, inda aka saba wa yaro da ganin abin da aka ce ya gani.

Kuma akwai hanyar gaskiya da za a bi. Da an saka gilashin yankakkiyar gaɓar da ke fitar da ruwan narkar da abinci, wato fankiriyas, da an ga manyan jakunkunan fitarwa a matsayin ƙananan ɗigogi cunkushe a bakin ƙwayoyin, domin su sun kai kusan maikuromita ɗaya, wato nanomita 1000, kuma a wannan gaɓa ce George Palade ya bi sawun furotin daga inda ake ƙera shi, ta cikin jikin Golgi, wato sashen ƙwaya da ke tsara furotin ya ƙunshe shi, har zuwa fitarsa, aikin da ya sa ya raba kyautar Nobel ta 1974 da de Duve da Albert Claude. Sauran kuwa sai a nuna su da hotunan maikuroskof mai aiki da ilektiron a madadin haske, wanda ke iya ganin abin da ya fi haka ƙanƙanta, a faɗa wa ɗalibi ƙarara cewa wannan na'ura ba ta kai nan ba. Jagoran yana da shafi mai kyau a kan kyautar Nobel ta 2013, inda ya bayyana yadda Randy Schekman ya sami yis ɗin da besikul ke cunkushewa a cikinsu saboda lahani a gado, da yadda James Rothman ya gano furotin ɗin da ke sa besikul ya manne a daidai inda aka aike shi, da yadda Thomas Südhof ya nuna cewa kalsiyam ne ke ba da umarnin juyewa a ƙarshen jijiya. Shafin ya inganta, amma babu hoto ko ɗaya na ainihi a tare da shi, sai zane.

Siffofin roba ba su kai matsayi ɗaya ba. Ta tsiro tana da kyau, domin bakiyol ɗinta ana iya cire shi, kuma idan an cire sai a ga yadda sauran sassan suke a takure a gefe. Ta dabba kuwa an yi besikul ɗinta da girman da ya kusa kai na maitokondiriya, sashen da ke samar wa ƙwaya kuzari, an manna su a warwatse ba tare da nuna ɗaya yana toho daga jikin Golgi ko yana mannewa da tantanin waje ba, wanda hakan yana ƙara ƙarfafa zaton cewa abubuwa ne da za a gani cikin sauƙi.

Ba a ce komai game da bakteriya ba, alhali kwalin ya ambaci ƙananan halittun ruwa. Wasu bakteriyar ruwa masu launin kore da shuɗi suna da jakunkunan iska da bangonsu na furotin ne zalla, kuma da su suke hawa da sauka a cikin ruwa domin neman haske. Akwai kuma Thiomargarita namibiensis, wadda aka samo a laka ta ƙarƙashin teku a gaɓar Namibiya aka bayyana ta a 1999, wadda girmanta yana iya kai milimita 0.75, ana ganinta da ido zalla, kuma kusan dukan cikinta bakiyol ne guda da take tara sinadarin naitiret a ciki.

Wani aibin da malami zai yi hattara da shi shi ne kumfar iska. Wasu daga cikin gilasan da aka manne sun zo da kumfa a ƙarƙashin murfi, kuma sabon ɗalibi yakan ɗauke ta bakiyol nan take saboda zagayayya ce kuma fili ne a tsakiyarta. Ana gane ta da baƙin gefe mai kauri da kuma kasancewarta a wajen ƙwaya ko a samanta, kuma ya kamata jagoran ya sa hotonta a shafin farko.

Malamin da zai iya haɗa rayayyun samfura da kansa, ya gyara teburin kwatance da alƙalami, ya ajiye idon sau 20 a gefe, kuma ya nemo wa ɗalibansa hotunan ilektiron na besikul daga wani wuri, zai sami amfani mai yawa a wannan akwati, kuma ina ba shi shawarar ya saya. Ɗalibin da zai yi karatu shi kaɗai ba tare da mai nuna masa ba kuwa, gara ya fara da gwajin jan albasa da ruwan gishiri, ya bi da faramisiyam mai rai, ya bar babin besikul har sai ya sami hotunan da suka dace da shi.